Horon da Aka Yi Mini ta Bayan Katanga

Ni dai tun tasowata Allah bai haɗa jinina da tafiya ba. Akwai wata inuwa a tsakar gidanmu na Tambuwal, tsakanin ƙofar ɗakina da rufewa, wato rumbun ƙasar da muke zuba gero. In da inuwa tana magana, da tuni wannan ta kai ƙarata. A nan nake tsince shinkafa, a nan ake mini kitso, a nan nake jin labarin gari kaf ba tare da na leƙa ƙofar gida ba, don Allah da ya rage mini ƙafa sai ya cika mini kunne. In maƙwabciya ta yi raɗa a bayan katanga, kafin ta rufe baki na san ɗiyar wa aka sa wa rana.

To ni ɗin nan ce yarana suka haɗa kai suka biya wa kujerar Makka.

Ranar da aka kawo labarin na rangaɗa guɗar da sai da awaki suka tsinke igiya. Na yi rawa a zaune, na yi kuka, na koma dariya, na aika aka sayo goro aka raba. Sai da murna ta lafa sannan na tuna da kaka.

Kakanmu da ƙafa ya je Makka, tun zamanin da ba a san jirgi ba. Ya fita yana saurayi da sanda da gora, ya dawo da furfura a gemu. A zuri'armu duk yaron da aka aika ya tsaya ƙunƙuni, abin da zai ji shi ne, "Kakanka da ƙafa ya je Makka, kai kanti ya gagare ka?" Ni kuma na sha jin matan da suka dawo suna ba da labarin yadda ake ɗora masu nauyin jiki a keke ana tura su, daga ɗawafi har wurin jifa. Maigidana, wanda kowa ke kira Malam saboda karatun da yake bayarwa a zaure, ya ce mini babu laifi ko kaɗan, addini ya sauƙaƙa. Na yarda babu laifi. Amma Malam ba shi da taubashiya irin tawa.

Tana aure a Fakku, can ƙasar Kebbe. Uwarta da ubana ciki ɗaya suka fito, kaka ɗaya ke nan gare mu. Ni ɗiyar namiji, ita ɗiyar mace, don haka tun muna yara nake ce mata baiwata, ita kuma tana ce mini Tulu. Siririya ce kamar sillen kara, ga ta da zafin nama. Ta je gona ta dawo, ta je rafi ta dawo, ni ban gama neman takalmina ba. Sai kuma Allah ya yi ikonsa, ita ma ɗanta ya biya mata kujera a shekarar. Ko kwana ba a yi ba ta kira ni a waya.

"Tulu, an ce kin samu kujera. Guda nawa anka biya maki? Don ɗaya ba ta isar ki."

Na ce, "Baiwata, ki gode Allah za ki ga Makka albarkacin ɗaukar kayana."

Ta ce, "Kaya dai! Ke ce kayan."

Labari ya kai kunnen surukina, mijin ɗiyata ta fari. Malamin wasanni ne a wata sakandare a nan garin, shi ke horar da yara ƙwallo da guje-guje. Yaro ne mai kunya har ta yi yawa. Shekara da shekaru yana auren ɗiyata, amma in aka ce in nuna fuskarsa a kasuwa sai in yi kuskure. Abin da na sani nasa shi ne takalminsa, don tun daga bakin zaure yake cire su, da kuma tsakiyar hularsa, don a durƙushe yake gaishe ni, kansa a ƙasa. Ni ma fuskata a bango nake amsawa. Ita kuwa matar tasa 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, "yarinyar nan" nake cewa. In muna magana, ni ina kallon tukunya, ita tana kallon kaji.

Wata safiya sai ga yarinyar nan da kwali a ka. Ta sauke, ta buɗe. Robobi ne cike da wani lemo shuɗi shar, kamar an ɗebo daga marina, ga kuma gwangwanayen garin gulukos. Ta juya wajen kaji ta ce, "Inna, ya ce a kawo maki. Wanga shi 'yan ƙwallo ka sha, shi ka ba su ƙarfi. Ya ce kuma tuwo da shinkafa da dabino su na man jiki, kamar fetur ga babur."

Na ce wa tukunya, "Allah shi yi albarka. Shi ke nan saƙon?"

Ta ɗan tona ƙasa da yatsan ƙafa. "Akwai saura, amma… ba komi, Inna."

Sauran da ta haɗiye, sai daga baya na sani, shi ne gaba ɗayan maganar: wai in riƙa tafiya kullum har in yi gumi. Shi ya ji nauyin ya ce wa matarsa uwarta ta yi ƙiba, ya faɗa a tauna a tauna. Ita kuma da ta iso gabana ta ga bakinta ba zai iya ɗaukar "Inna, tashi ki yi gumi" ba, sai ta ba ni rabin da ke da daɗi ta koma gida da rabin da ke da ɗaci.

Wayyo, na ji daɗin wannan horo! Ban taɓa sanin haka 'yan ƙwallo ke morewa ba. Da safe in karya da ɗumame, in kora da shuɗin lemo. Da hantsi in dama fura in barbaɗa gulukos a kai. Da rana shinkafa da wake, in sake korawa. Duk a inuwata, ƙafa a miƙe, ina jin ƙarfi yana shiga. Maƙwabta suka ji cewa malamin wasanni ya ɗora ni a kan tuwo saboda aikin Hajji, kowa kuma yana son lada. Sai kwanuka suka fara shigowa. Wannan ta aiko da tuwon dawa miyar kuka, waccan da dambu, ta bayan gida da waina. Kwanon maƙwabci kuwa ba a mayar da shi yadda ya zo. Mutane suna cika-ciki sau ɗaya a shekara, ni kullum.

Rannan ina hamma Malam ya shigo, ya tsaya cak.

"Subhanallahi! Buɗe bakinki in gani. Baban rini kika lasa?"

Na ɗauko madubi. Harshena ya yi shuɗi kamar na ƙadangare. Na ce masa alamar ƙarfi ce. Ya ce shi dai alamar da yake gani ita ce zanen da a da yake zagaye ni har ya yi saura, yanzu da kyar bakinsa ke haɗuwa.

Ana haka aka yi haihuwa a gidan taubashiyata, jika ta samu, dole in je suna. Na ce madalla, ranar nuna ƙarfi ta zo. Da sassafe na cika cikina da tuwo mulmula biyu, na bi da fura, na shanye roba guda ta shuɗin lemo a tsaye, don in isa da cikakken mai. Mota ta kai mu Kebbe, daga nan na hau babur. Mai babur ɗin tun da na zauna yake salati. Muka yi ta tafiya har muka iso wani busasshen rafi mai yashi, kusa da gari, babur ya nutse ya ce bai san zance ba.

"Inna, sai dai ki taka. Ga gari can, kina hangen kukoki."

Na ce, "Yaro, ka san abin da nika sha kuwa?" Na gyara mayafi na shiga yashi da ƙarfina.

Yashin nan, in ka taka sai ya riƙe ƙafarka kamar yana bin ka gaisuwa. Ban yi nisa ba tuwo ya fara magana da fura a cikina, lemo ya shiga tsakani yana rabo. Numfashi ya koma kamar zugazugin maƙera. Kukokin da aka ce ga su can, ina matsawa suna ja da baya. Na kai wata ƙaramar sabara na zauna, daga zama na kishingiɗa, daga kishingiɗa na ce a gaida mutanen Fakku.

Wani bawan Allah ne ya zo wucewa da amalanken shanu, ya ɗauko harawa. Shi da mai babur suka haɗu, da "bismillah" da "ya Allahu" suka ɗora ni a kai. Haka na shiga gidan suna, a saman harawa, akuyoyin gari suna bin mu a baya.

Tsakar gida cike da mata. Taubashiyata ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya, ta dube ni sama da ƙasa, ta saki ludayin ta rangaɗa guɗa.

"Jama'a ku fito! Ga jikar mai zuwa Makka da ƙasa ta iso! Ku kawo turmi a sauke ta!"

Aka yi ta dariya har mai jego ta riƙe ciki tana roƙon a bari. Ni ma dariyar nake, don in ban yi ba kuka zan yi. Na ce, "Baiwata, sarauta ce, ba ki san ta ba. Uwargijiya ba ta shiga gari da ƙasa."

Ta dafa amalanken ta ce, "Ku shaida. Wallahi, da hannuna wanga sai na tura Tulu cikin keke a Makka. Wallahi sai na tura ta. Wallahi tallahi!"

Wata tsohuwa ta ce, "Ke, rantsuwa fa kika yi."

Ta ce, "Na yi. In ƙara?"

Na dawo Tambuwal jikina a sanyaye. Kafin in iso labari ya riga ni, don amalanke ba ya sauri amma waya tana yi. Na shiga ɗaki na tura kwalin lemon ƙarƙashin gado da ƙafa, na ce ƙarya ce ake sayar wa mutane.

Kashegari da la'asar na ji an cire takalmi a bakin zaure. Surukina ne. Bai shigo ba, ya zauna wurin Malam. Zauren nan katanga ɗaya ce tsakaninsa da inuwata. Suka gaisa ƙasa-ƙasa yadda suka saba. Can sai na ji yaron nan, wanda ban taɓa jin muryarsa ta wuce raɗa ba, ya ɗaga murya kamar yana filin ƙwallo.

"Malam! Ka san wani abin mamaki game da yaran da nika horarwa?"

Malam ya ce, "A'a. Amma ina kusa, ba sai ka…"

"In yaro ya zuba ma babur mai, Malam, ya jingine shi bai hau ba, man nan ba ya zama tafiya! Tanki ɗai ka cika!"

Na ajiye tsintar shinkafa. Na matsa da kujerata.

"Shi lemon nan, Malam, ba ƙarfi ne a cikin roba ba. Ruwa ne da ɗan gishiri da sukari. Abin da gumi ya fitar shi yaka mayarwa. Wanda bai yi gumi ba, in ya sha, ya sha zaƙi kawai!"

Malam ya ce, "To, Allah shi kyauta. Ni dai ban sha ba."

"Kuma ba a cika ciki a kama hanya, Malam! Tuwon da za ya yi ma yaro aiki gobe, yau da dare yaka cin shi. Da safe ɗan abu kaɗan. Ita kuma ƙafa, sannu-sannu aka koya mata. Yau kaɗan, gobe a ɗan ƙara."

Kunya ta kama ni, dariya ta kama ni, ban san wadda zan fara yi ba. Na yi gyaran murya, ni ma na ɗaga tawa.

"Malam! Su yaran nan da aka magana, in gwiwarsu tana ciwo fa?"

Sai na ji, "Malam! In gwiwa tana ciwo a rage sauri, amma kar a zauna. A samu takalmi mai taushi, a fara sa shi tun yanzu, kar a bari sai ranar wasa!"

"Malam! In yaron ba ya fita waje fa? In ɗiyar mutunci ce, ba ta yawo a titi?"

"Malam! Tsakar gida ma fili ne!"

Malam ya rufe littafinsa, har nan na ji ƙarar. Ya ce, "Ni kam yau na ga ikon Allah. Ku biyu kuna da baki, kuna da kunne, ni mi nika yi a tsakiya?"

Babu wanda ya amsa masa. Ai ba a yin haka da suruki.

Washegari bayan sallar asuba na ɗaura zani na fara zagaya rufewa. Zagayen farko kaji suka watse. Na biyu awaki suka daina tuƙa suna kallona. Ina cikin na uku Malam ya dawo daga masallaci, ya tsaya ya ce, "Juya. Ki ba rufewar hannun dama. Ɗaki guda ɗai aka ba hagu a kewaya, kuma ba gero a ciki." Na juya. Ban kai ko'ina ba na zube a kujera ina haki, amma dai na yi gumi, gumi na gaskiya, irin wanda rabona da shi tun ina amarya ina daka.

Haka muka ɗauki watanni. Duk bayan 'yan kwanaki sai in ji an cire takalmi, sai "Malam!" ta tashi. Ta bayan katangar nan na koyi cewa tafiyar da ba ta da tsawo ruwan randa ya ishe ta, a bar lemo sai ranar doguwa. Ta nan na koyi kurɓa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai zo ba, maimakon in jira sai maƙogwaro ya bushe in ɗaga roba. Da kwalin ya ƙare, ta nan aka faɗa wa Malam cewa ƙullin gishiri da sukarin nan na kemis, wanda ake dama wa yara in suna gudawa, shi ma yana yi, ga shi ba ya rina harshe. Ta nan aka ce a riƙa jefa dabino ɗaya-ɗaya a baki in tafiya ta yi nisa. Malam tun yana tanka mana har ya daina. Sai ya zama in yaron ya ce "Malam!" shi ko ɗaga kai ba ya yi, karatunsa yake. Wata rana ma ashe ya fita ta ƙofar waje ya tafi jana'iza, mu muna nan muna ta "Malam, Malam" da zaure babu kowa sai surukina da buzu.

Kwanukan maƙwabta kuwa ban hana su zuwa ba, wa zai hana lada? Sai dai na koma ajiye su sai dare, in ci daidai, in raba saura. Matan unguwa suka fara leƙowa kallo. Daga kallo wata ta ce bari ta taya ni zagaye ɗaya. Kafin azumi mun zama ayari, muna zagaya rufewa muna gulma, har hanya ta fito a ƙasa kamar ta tururuwa. Da azumi ya kama, aka sanar da Malam cewa yara su rage, su yi kaɗan da sanyin safiya. Bayan salla na fara fita, da hijabi da takalmin roba mai igiya irin na 'yan makaranta, ina bin gidajen dangi ina sallama da neman gafara. Kowane gida sai an dama fura. In kurɓa in ajiye, su ce, "Ko ba ki da lafiya?" In ce, "Horo nika."

Ban zama sillen kara ba, kar wani ya yi zaton haka. Tulu dai tulu ne. Amma tulun ya koyi tafiya.

Muka tashi, jirgi ɗaya da taubashiyata, masauki ɗaya, gado kusa da gado. Abin da idona ya gani a can ba zai faɗu a nan ba. Ranar da na fara ganin Ɗakin Allah na manta ina da ƙafa ma, balle ciwonta. Ɗawafi na yi shi da ƙafata. Safa da Marwa na yi da ƙafata. Duk inda muka bi akwai masu tura keke suna neman fasinja, ita kuwa baiwar Allah sai ta riƙa yafuto su tana nuna ni. Ba ta jin Larabci, su ba su jin Hausa, amma sai ta buɗe hannuwa ta kumbura kumatu, su kuwa su taho da gudu. In ce musu la, la, in wuce ina taku ɗaiɗai.

"Ki dai bari mu je Mina," in ji ta. "Can aka rabuwa da 'yan ƙarya."

Gaskiyarta. Daga tantinmu zuwa wurin jifa tafiya ce ba ta wasa ba, ga rana kamar a soya ƙwai a ka, ga jama'a kamar an tashi ƙiyama. Ni tun dare nake cin shinkafata, ko tana da daɗi ko babu. Da safe in dama ƙullina a gora, in zuba dabino a jaka. Ita kuwa ta ce shinkafar Larabawa ba ta da gishiri, burodinsu kamar takalmi, shayi kawai take kurɓa. Ruwa ma ba ta sha sosai, wai ba za ta iya layin bayan gida ba. In na miƙa mata gorata sai ta ce, "Maganin zawon yara? Ni da nika noma tun safe har azahar? Sha abinki, Tulu."

Ranar jifa ta ƙarshe, a hanyar dawowa, gwiwata ta hagu ta ce ita fa ta gama aikin Hajjinta. Kowane taku sai na ji kamar ana soka mini tsinke. Na rage sauri yadda aka faɗa wa Malam, na jefa dabino, na kurɓa. Ba ta saki ba. Sai ga wani mai keke ya jero da ni, keken babu kowa, kujerar baƙa mai laushi, har da wurin ɗora ƙafa. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar kujerar nan ba. Na ce a raina, kaka, ka yafe mini, kai ba ka da irin jikina. Na juya in ce wa baiwata ta zo ta cika rantsuwarta.

Ban gan ta a gefena ba. Tana baya, ta jingina da wani ƙarfe, leɓenta ya bushe ya yi fari, idanu sun shige. Na koma da sauri, ban ma san da wace gwiwar na koma ba.

"Ke! Mi ya same ki?"

Da kyar ta ce, "Ƙasa ce ka juyawa."

Na zaunar da ita a 'yar inuwa, na kafa mata gora a baki. "Kaɗan-kaɗan, kar ki ɗaga." Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa. Na ɓare dabino na tura mata, na jiƙa bakin hijabinta na shafa mata a wuya. Mai keken nan ya biyo mu ya tsaya a kanmu, ya nuna ta, ya nuna kujera. Ta dubi keken, ta dube ni. Ni ma na dubi keken. Allah ya sani na hango tsakar gidan Fakku, na hango kaina ina ba da labarin yadda na tura sillen kara da hannuna, mata suna faɗuwa don dariya. Shaiɗan ɗin da muka gama jifa yanzun nan, ashe ya biyo mu.

Ta ce a hankali, "In kin tura ni, kar ki faɗa a gida."

Na ce, "In jiri bai sake ki ba, hawa za ki yi ko kina so ko ba ki so, kuma ba mai ji a bakina. Amma sha tukuna mu gani."

Muka zauna har ta shanye gorar ta cinye mini dabino tas. Can sai na ga ido ya dawo, baki ya dawo. Alamar farko da na gane ta warke ita ce da ta ce, "Gishirin ya yi yawa. Ko dama wannan ba ki iya ba." Na sallami mai keke. Ta riƙe kafaɗata saboda jiri, na riƙe tata saboda gwiwa, muka kama hanya muna tangaɗi kamar tsofaffin jakuna biyu da aka ɗaure da igiya ɗaya. Muna tafe muna dariya, dariya tana ƙara mana ciwo, mutanen ƙasashe suna kallonmu. Da ƙafarmu muka shiga tanti.

Bayan mun dawo, an gama zuwa barka, an raba dabino da zamzam, na aika Fakku cewa Hajiya baiwata ta zo, Malam yana nemanta. Ta zo, haƙorin Makka yana walƙiya. Na tara matan da muka zagaya rufewa tare, na ce, "Malam, wanda ya rantse zai yi abu bai yi ba, mi ne hukuncinsa?"

Ta yi tsalle ta ce, "Wasa ne! Wasan taubasai! Malam, ai ba a kama mutum da wasa."

Malam ya ce, "Sau nawa kika rantse?"

Na ce, "Uku. Har da tallahi. An ce mata rantsuwa ce, ta ce ko ta ƙara."

Malam ya shafa gemu, ina ganin yana danne dariya. Ya ce, "Hajiya, wannan ta ƙullu. Ki ciyar da mabuƙata goma."

A tsakar gidana ta yi kaffarar, don na ce ban yarda da awon Fakku ba. Ta kawo dawarta, ta surfa, ta kai niƙa, ta tuƙa tuwo a babbar tukunya tana gumi, ni kuwa ina inuwata, ƙafa a miƙe, ina cewa, "Baiwata, akwai gudaji." Maganar jirin Mina ban faɗa wa kowa ba a ranar, ita ce da bakinta ta ba da labarin tana tuƙi, ta ƙara gishiri har ta ce ni na fara faɗuwa. Aka kai wa waɗanda za a kai wa. Ta tuƙa da yawa, saura ya ishi gida har da zaure.

Ina cikin cin nawa na ji an cire takalmi. Na sa aka kai masa kwano, da nama a sama, da carbi da hula da na sayo masa, ƙiyasin girman kan na yi daga tsakiyar tsohuwar. Na ɗaga murya na ce, "Malam! Ka ce ma malamin yaran nan, yarinyar da ya horar ta je ta dawo, ba ta hau komi ba sai jirgi. Allah shi biya shi."

Na kasa kunne, har na zaci ya gudu. Can sai muryarsa ta taso daga zaure.

"Malam! Alhamdu lillahi. Amma Malam, yaron da ya ci kofi ya koma ya zauna, ƙafar tana mantawa! Gobe da asuba a koma fili!"

Taubashiyata ta faɗi a kan tabarma tana shure-shure. Na yanko loma na ce, "Malam! Ka ce mashi na ji. Shi ya ce tuwon gobe yau aka cin shi, to a bar ni in ci."